Wa Ke Yin Daddawar Inna?

Shafi na 17

Kun kawar da kai, kuma kun san kun kawar. Jiya na ba ku labarin yadda aka tari Bahijja da soyayyiyar shinkafa da salak, kuka cika min waya da dariya, kowa na cewa haka gidansu ake yi wa wanda ya dawo daga waje. A ƙarshe na tambaya, wa ya taɓa ganin yadda ake yin daddawa da idonsa? Mutum uku suka amsa. A ukun ma ɗaya cewa ta yi da gyaɗa ake yi. Kullum tana cikin miyarku, in an bi da ita ta ƙofar gida ku toshe hanci, ba ku taɓa tambayar wa ke yi ba. To ku gyara zama, yau da ku nake.

Ƙarfe tara bai cika ba Bahijja ta kashe motar Ummanta a ƙofar gidan kakarta a Roni. Kwananta goma sha biyu da sauka daga Glasgow, inda take aikin jinya shekara shida. Jibi Laraba da yamma jirginta zai tashi daga Kano. Abu ɗaya ya rage mata. A jakarta akwai sabon littafi da biro, ta yi wa kanta alkawari ba za ta koma ba sai ta rubuta yadda Inna ke yin daddawa, tun daga dafa kalwa har shanya.

Daddawar nan ba ƙaramin abu ba ce a can. Duk mai tafiya Umma sai ta danƙa masa ƙulli, ta ce saƙon Inna ne. Saboda ƙullin nan falon Bahijja ke cika kowace Asabar. Tuwon garin shinkafa ne na kantin 'yan Pakistan, ba na dawa ba, amma miyar ta gida ce. Sama'ilu ɗan Babura jirgin ƙasa yake shigowa daga wani gari don kawai busasshiyar kuɓewa da man shanu, ko nama ba ya nema. Rhoda, 'yar maƙwabtansu ta Kazaure da suke aiki asibiti ɗaya, ita ba ta son sabon tuwo, sai ta ƙulle nata ta kai gida ta yi ɗumame. Har tsohuwar Baturiyar da ke ƙasan bene, wadda a shekarar farko ta buga musu ƙofa tana tambaya ko wani abu ya mutu a cikin bututu, yanzu da kwanonta take hawowa.

Sau uku Bahijja na ce wa Ummanta Hajiya Baraka su je Roni, sau uku tana kawo uzuri. Yau ciwon kai, gobe barkar haihuwa. Shi ya sa ta ɗauki makulli ta taho ita kaɗai.

Ta tarar da Inna a kan tabarma a bakin ɗaki. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Lale da Baturiya," in ji Inna. "Sai yau aka tuna da hanyar ƙauye?"

"Inna, ranar da na sauka fa kika zo Kazaure, muka wuni tare."

"Wannan ni na je. Ba ya cikin lissafi."

Bahijja ta yi dariya, ta ciro littafi.

"Yau makaranta na zo. Daddawa za ki koya min."

Inna ta dubi littafin. Ta kai hannu za ta ɗauki kofin kunu, sai Bahijja ta ga abin da hayaniyar ranar farko ta ɓoye mata. Hannun na rawa. Sai da tsohuwar ta haɗa hannu biyu kafin kofin ya kai baki, duk da haka kunu ya ɗiga a zani.

Idon ma'aikaciyar jinya ne. Wannan rawar ba ta bana ba ce.

Ta waiwaya tsakar gida. Manyan tukwane uku a kife a gindin katanga, ƙura ta rufe su. Kwandon da ta sani tun tana yarinya yana can ƙarƙashin rumbu, kaza ta baje a ciki tana kwanci.

"Inna, tukwanen fa?"

"Ga su can suna hutawa."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar bikinki."

"Shekara bakwai ke nan!"

"To ke kika yi boko."

Bahijja ta ajiye biro a hankali.

"Inna, watan jiya ma na ci daddawarki."

"Tawa ce mana."

"Wa ya yi?"

"'Yata."

"Umma?"

Inna ta fashe da dariya har da tari, sai da Bahijja ta bubbuga mata baya.

"Uwarki? Wadda in an buɗe kwando take haɗa akwati ta koma makarantar kwana hutu bai ƙare ba? Ke dai miƙo min mayafi da sandata. Tada motar nan, in kai ki."

Duk tsawon hanyar Roni zuwa Kazaure Inna ta ƙi cewa komai, sai faɗa take wai Bahijja na tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Da suka shiga layin su Umma, Bahijja ta nufi ƙofar gidansu.

"Wuce gaba."

"Inna, nan ne gida."

"Na ce wuce. Ƙofa ta gaba."

Ƙofa ta gaba gidan Baba Toma ne, mahaifin Rhoda. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. A soro kwalaye ne jibge an ɗaure da igiya, don ya yi ritaya daga koyarwa, ƙarshen wata za su koma garinsu Kagoro. Bahijja ta sani, ta ma shigo ta yi musu sallama makon jiya. Inda ba ta shiga ba shi ne can ƙuryar gidan, wajen murhu.

Tun daga lungu warin ya tare ta. Ba wari ba ne a wurinta, ƙamshin Asabar ne.

Maman Rhoda na durƙushe gaban babban baho, zani ɗaure a ƙirji, hannu biyu cikin baƙin ruwa tana murza dafaffiyar kalwa. Ta ɗago ta ga Inna, ta miƙe da sauri ta rusuna.

"Inna! Da kanki? Sannu da zuwa, sannu. Ina ƙafa?"

Sannan ta ga Bahijja a baya, baki buɗe, littafi a hannu. Ta dubi bahon, ta dubi Inna.

"Kai, Inna. Kin tona mu."

"Na gaji," in ji Inna, tana neman kujera. "Ga 'yata nan. Gaishe ta da kyau."

"Mama," in ji Bahijja. "Ke ce?"

"Ni ce, Bahi."

"Duk shekara shidan nan?"

"Har da ta bikinki ma, rabi ni na yi."

Inna ta zauna ta dogara sanda a katanga.

"Shekara talatin da biyu ke nan aka turo mijinta koyarwa Roni, suka kama ɗaki a gidana. Amarya ce, ko Hausa ba ta gama ji ba. 'Ya'ya mata huɗu na haifa. Duk ranar da na ɗora kalwa, wannan ta tafi gidan ƙawa, wannan ciki na ciwo, uwarki kuwa turare take fesa wa ɗankwali ta toshe hanci. Ita wannan ce ta zo ta tsuguna ta ce, Inna, in riƙe miki rariya? Shi ke nan. Wanda ya tsaya shi na ba."

Bahijja ta zaro waya. Ta kira Rhoda ta bidiyo. Sai ga ta a kicin ɗinta na Glasgow, da hular sanyi a ka, tana cin burodi.

"Mutuniyar! Kin haɗa min yajina?"

Bahijja ta harare ta. Ta juya wayar ta nuna bahon, ta nuna Mama, ta nuna Inna.

Rhoda ta daina tauna.

"Ayya," ta ce. "An kama mu."

"An kama ku? Ke ma kin sani?"

"Tun ƙullin farko."

"Rhoda!"

"To ya zan yi? Juya kowace daddawa ki duba, akwai shaidar yatsa uku a kai. Ta Inna dama take kallo. Wannan hagu take kallo. Mama bahaguwa ce. Ni da na tashi ina kore mata kaji daga shanya, zan kasa ganewa?"

"Shekara shida ina miki gori! Ina cewa ci a hankali, wannan ba irin ta gidanku ba ce!"

"Ni kuma ina cewa gaskiya ne, Hajiya, ƙara min miya."

Maman Rhoda ta riƙe ciki. Inna na share hawaye da gefen mayafi.

"Ranar da kika tashi a gaban Sama'ilu kika yi jawabi," Rhoda ta ci gaba, "wai sirrin gidanku ne tun kaka da kakanni, ba a ba bare, wallahi banɗaki na shiga na yi dariyata na wanke fuska."

"Allah ya isa ɗumamena."

"Bai isa ba. Umma ce ta roƙe ni in yi shiru."

"Ke kin iya, to?"

Nan Rhoda ta sosa hula.

"Ni ma gudu nake yi, Bahi. Duk jirgi ɗaya muke."

Da aka kashe wayar, Maman Rhoda ta mayar da hannu cikin baho, murmushinta ya ɗan ragu.

"Naki ƙullin yana ɗaki, ya bushe tun makon jiya. Wannan ta ban kwana ce, zan raba wa maƙwabta. Daga ita na sauke. Bayana ba ya ɗaukar tsuguno kuma, tukunyar ma ba zan kai ta Kagoro ba."

Bahijja ta dubi ƙofar ɗakin. Ƙulli ɗaya ya rage a duniya, in ya ƙare ya ƙare. Ta buɗe littafi da sauri.

"Mama, faɗa min in rubuta. Awa nawa ake dafawa?"

"Har ta dahu."

"Kanwa fa, cokali nawa?"

"Daidai."

"Daidai nawa?"

"Daidai yadda ba za ta yi yawa ba."

"Mama, don Allah!"

"Ajiye takardar nan," in ji Inna. "Cire agogo. Sa hannu."

Ta sa. Ruwan da ɗumi, kalwar na santsi, ɓawon na zamewa tsakanin yatsu. Suka murje, suka tace a rariya, suka canza ruwa har sau biyar, sai da ƙwayar ta fito fes. Aka mayar a wuta da ɗan jiƙon kanwa. Hayaƙi ya shiga idon Bahijja, gyalenta ya sha toka, atamfarta ta jiƙe har gwiwa. Inna daga kujera take ba da umarni kamar mai horar da sojoji.

"Ɗebo ɗaya ki matsa. Ta mutu?"

"Ta ɗan mutu."

"Babu ɗan mutuwa. Ƙara itace."

Sai bayan la'asar ƙwayar ta lallace tsakanin yatsa biyu ba gardama. Aka tsane ta, aka shimfiɗa ganye a kwando, aka juye tana tururi. Maman Rhoda ta ɗauko buhunan rufi za ta sunkuya.

"Bar ta," in ji Inna. "Baturiya, ke rufe."

"Inna, ai jirginta..."

Inna ta yi mata kallo ɗaya. Maman Rhoda ta haɗiye sauran maganar, ta miƙa buhunan tana kallon sama.

Bahijja ba ta lura ba. Daɗi ya cika ta. Ta lulluɓe ganye, ta ɗora buhu, ta ƙara wani, ta danne gefe da gefe yadda aka nuna mata, ta kinkimi kwandon ta kai lungun ɗakin girki, ta aza dutse a kai. Ta fito tana kaɗe hannu.

"Alhamdu lillahi! Mama, in kin buɗe ki ɗaukar min hoto."

"Wa zai buɗe?" in ji Inna.

"Mama mana."

"A'a. Hannun da ya rufe shi ke buɗewa. Haka na karɓa wurin uwata, haka na ba wannan. Kwana uku. Alhamis da hantsi."

"Inna, jirgina Laraba ne."

"Na sani."

"Kin sani kika ce in rufe?"

"Da ban sani ba ai da ban ce ba."

Maman Rhoda ta juya baya, kafaɗunta na girgiza.

"Saurara," Inna ta gyara zama, wasan ya bar muryarta. "Dafawa kowa ya iya, ko uwarki in an matsa mata. Sana'ar tana cikin kwana ukun nan. Kowace safiya ki zo ki ɗora tafin hannu a kan buhu, ki ji zafin da take yi da kanta. Ki sunkuya ki shaƙa. Gobe wari ɗaya, jibi wani, gata wani. Ranar da ta nuna, hancinki ne zai gaya miki. In kin buɗe da wuri kin yi dafaffen wake, in kin makara kin yi taki. Wannan wane shafi za ki rubuta shi?"

Bahijja ta dubi littafin da ke kan turmi. Layi biyu ne a ciki: har ta dahu, daidai.

Ta sake ɗaukar waya, ta kira mijinta. Abdulnasir ya bayyana da cokalin miya a hannu, fuska a yamutse.

"Gara da kika kira. Maman Sadiyya, kukar gidan nan ta ƙare, na je kanti na sayo. Me ya sa miyar ta yi fari, kuma take tsami?"

"Nuna min ledar."

Ya nuna. Garin 'ya'yan kuka ne, wanda Turawa ke zubawa a madara.

"Abban Sadiyya, ganye ake miya da shi. Wannan na sha ne."

"Shi ya sa yarinyar nan ta ɗanɗana ta ce za ta yi azumi."

Inna ta leƙo. "Wa ke kashe min tattaɓa-kunne da yunwa?"

Ya yi saurin cire hula yana gaishe ta. Bahijja ta bari suka gama, sannan ta ja numfashi.

"Ka ɗaga min tikiti zuwa Asabar."

"Na'am?"

Ta gaya masa komai a gurguje, ta nuna masa kwandon da dutse a kai. Ya dubi tukunyarsa, ya dubi matarsa da toka a goshi.

"Kwana goma sha biyu ina cin taliya," ya ce. "Amma in dai abin da ke cikin kwandon nan zai biyo ki gida har abada, na ƙara uku. Aikinki na Juma'a fa?"

Ta tura wa Rhoda saƙon murya. Minti bai cika ba amsa ta dawo, ta kunna kowa ya ji.

"Zan riƙe miki Juma'a. Sharaɗi biyu. Ki koya min in kin dawo. Sannan Asabar ta gaba ki miƙe a gaban Sama'ilu da Baturiyar ƙasan bene ki faɗi sunan uwar da ke yin daddawar gidanku."

"Na yarda, muguwa!"

Ana cikin wannan dariya aka yi sallama daga lungu.

Hajiya Baraka ce, cikin leshi ruwan hoda, zobban zinare uku a hannu. Katanga ɗaya ce, ta ji komai tun azahar. Ta gaida Inna ba ta ɗago ba.

"Umma," in ji Bahijja a hankali. "Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Kunya." Ta tsaya, ta sake cewa, "Kunya ce. Kina can kina alfahari da gidanmu, in ce miki ni 'yar Inna ta fari ban san ko ta ina ake farawa ba? Da ina yarinya gani nake wanda ya yi boko ya wuce warin kalwa. Ga shi boko ya kai ki har bayan teku, kuma abin da kike nema ke nan."

Sai ta zare zobe na farko, ta zare na biyu, na ukun ya ɗan yi gardama. Ta jera su a kan littafin Bahijja. Ta naɗe hannun leshi.

"Maman Rhoda, akwai sauran ɗanyar kalwa?"

"Akwai kwano biyu a buhu, Hajiya."

"Kar ki ba kowa tukunyar nan. A miƙo min ita ta katanga ranar da za ku tashi."

Inna ta daɗe tana kallon 'yarta. Hannunta na rawa a kan sanda, bakinta na son yin murmushi tana hana shi.

"Ina turaren toshe hancin?"

"Na bar shi a gida, Inna. Ta ina ake farawa?"

"Ta hura wuta. Kin iya, ko sai an kawo miki gas?"

Hajiya Baraka ta tattare leshi ta durƙusa gaban murhu. Bahijja ta tsuguna kusa da ita tana tura mata kara, sai wani tunani ya faɗo mata. Ta waiwayi lungun da kwandonta yake.

"Inna, in na buɗe ranar Alhamis na tarar ta lalace fa?"

Inna ta nuna buhun kalwa da sanda.

"Sai mijinki ya ƙara sayen taliya."

Yanzu ku. Kar wanda ya turo min hoton dariya. A gidanku akwai tsohuwa ɗaya da ta iya wani abu da ba wanda ya karɓa, ko daddawa ce, ko dambu, ko fura, ko yajin da ba a samun irinsa a kasuwa, kuma kun san sunanta tun kafin in gama wannan layin. Ba sai jirgi ya kai ku ƙasar sanyi za ku san darajarta ba. Ku ajiye wayar nan. Ku je yau, ku tsuguna, ku ce mata a riƙe miki rariya? Sannan ku dawo nan ku rubuta min sunanta da abin da ta sa hannunku a ciki. Tashi.